Kwalbar da Ba Suna

Baba ya rasu a shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aikin nan, wanda ya cinye damina sukutum, har ciyawa ta rufe hanyoyin cikin makaranta, masu sayar da abinci a bakin ƙofar Samaru suka kife tukwanensu. Babu ɗalibi a gari. Na ce a raina, to, wannan mutuwar dai tamu ce, mu da ya haifa. Za mu kai ubanmu makwancinsa, mu shimfiɗa tabarmi, mu karɓi gaisuwar dangi da maƙwabta kamar kowa.

Ashe na manta da waya.

Kafin a yi sadakar uku, layinmu ya cika da motoci har masu babur sun koma zagayawa ta baya. Daga Kaduna, daga Jos, daga Kano, har daga Legas. Maza masu furfura, mata masu tabarau, masu manyan kemis, masu aiki a asibitoci da kamfanonin magani. Dukkansu sun taɓa zama ɗalibai a tsangayar koyon haɗa magunguna, inda Baba ya yi aiki tun yana saurayi har ya yi ritaya. Kowa ya cire takalmi ya zauna, kalmarsa ɗaya ce: "Babanmu ya tafi."

Wata mata Kirista daga kudancin Kaduna ta shiga wajen Inna ta durƙusa tana kuka, har Inna ce ta koma tana dafa ta tana ba ta haƙuri. Wani Ibo mai kemis a Sabon Gari ya zauna cikinmu a tabarma da wandonsa na Turawa, ana addu'a yana ɗaga hannu tare da mu, idanunsa jajur. Ya ce ya yi shekaru bai leƙa tsangaya ba, ranar da ya koma da tumbi da sanƙo, Baba ya hango shi tun daga nesa ya kira sunansa, har da na mahaifinsa. Na kusa da shi ya ce shi ma haka. Na gaba ma ya ce haka. Sai aka shiga gasa, kowa yana faɗin yadda Baba yake kiran nasa sunan, suna dariya suna share hawaye.

Mai shayin layinmu, abokin wasana ne, ya matso ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai kafinta, ashe tsohon nan yana da 'ya'ya haka? Kai ne na nawa a ciki?"

Na ce, "Ni ne na fari."

Ya ce, "Wallahi ba alama."

Na yi murmushi domin a gidan makoki muke. Amma maganar ta shiga inda ta shiga. Ni ne ɗan fari, kuma tun da aka yanka mini rago har aka rufe Baba da ƙasa, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Na san al'ada ce. Ba sai an gaya mini ba. Mutanen da suna jin kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa. Da aka yaye ni ma sai aka miƙa ni ga kakata a wani ƙauye bayan Shika, can na tashi da fartanya da awaki, ƙannena kuma suka tashi a Samaru da allo da jakar makaranta. Sai da na zama saurayi na dawo gida, aka kai ni koyon kafinta a Sabon Gari. Inna ma ba ta kiran sunana. Amma Inna ba ta cika kiran sunan kowa ba, hatta kajinta "ke" take ce musu. Baba kuwa mutum ne da sunaye suka zame masa sana'a. Yana kiran na 'ya'yan mutane da safe har yamma, ya dawo gida ya dube ni ya ce, "Kai, wannan, ɗebo mini ruwa."

Abin da na zauna ina nema ke nan a kan tabarmar makoki. Tunda a gida bai faɗa ba, ko ya taɓa faɗa a can, a bayan idona, wajen waɗannan mutanen da suka fi ni sanin muryarsa? Ko sau ɗaya ne, ya ishe ni.

Baba ya shiga aikin nan tun wurin bai zama tsangaya ba. Ya ce ɗan sashe ne a lokacin, 'yan ɗakuna a raɓe a ginin wasu, ɗaliban kuma ba su fi mutanen gida ɗaya ba, malamansu yawanci baƙi daga ƙasashen waje. Aikinsa wankin kwalabe. Yana wankewa, yana kifewa su bushe, yana goge ƙananan turame da taɓare da ɗalibai ke daka magani a ciki, yana jera su a kan tebura kafin a shigo. A nan ya koyi karatun boko ɗan abin da ya samu, domin shi ke manna takardar suna a jikin kowace kwalba. Daga nan ya samo maganarsa da duk wanda ya bi ta hannunsa ya haddace: "Kwalbar da ba suna, guba ce." In ya ga ɗalibi ya ajiye ruwan magani bai rubuta komai a jiki ba, ba ya tambaya, zubarwa yake yi, ko da ɗalibin ya wuni yana haɗawa. Sun sha yin fushi da shi a kan haka. A wajen makoki kuwa da alfahari suke ba da labarin, kowa yana so a san nasa ma an taɓa zubarwa.

Ni ma na haddace maganar, domin a gida ma yana yin ta. Ko kanwa Inna ta zuba a gwangwani sai ya ce a rubuta. Ina jinsa, ina cewa a raina: to ni fa, Baba? Ni wace irin kwalba ce?

A gabansa wurin ya girma. Aka ba su gininsu, shi ya yi ta jigilar turamen nan a cikin daro a kansa, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ɗaliban farko suka je ƙaro karatu suka dawo suka zama malamai, baƙin suka koma ƙasashensu. Sashe ɗaya ya rabu gida-gida: masu binciken itatuwa da saiwoyi, masu buga ƙwayoyi, masu gwada magani a kan ɓeraye, masu bin likitoci a asibiti. Mata da farko sai ka nema kafin ka ga ɗaya, daga baya suka cika benci. Baba ya tashi daga wankin kwalabe ya zama mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, da makullai a aljihu da farar riga tasa ta kansa. Kowace shekara in sababbin ɗalibai sun zo, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ba wanda zai karɓi turmi sai ya faɗi sunansa, Baba ya maimaita. Na Yarbawa, na Ibo, na Tibi, na mutanen Filato. Ba duka yake faɗa daidai ba. Wasu yakan murɗe su har mai sunan ya gaji da gyara ya karɓi sabon. Matar nan da ta yi kuka wajen Inna ta ce har yau da sunan da Baba ya lanƙwasa mata mijinta ke kiranta. Da ɗalibai suka yi yawa sosai sai ya fara haɗa wannan da wancan, ya kira ƙane da sunan wansa da ya gama tuntuni. Hakan ya dame shi ƙwarai. Da daddare bayan isha'i sai mu ji shi yana bitar sunaye a tsakar gida kamar mai tilawa, mu kuwa muna cin tuwo.

Sau ɗaya na taɓa yin aiki a tsangayar. Kujerun ɗakin gwaje-gwaje masu dogayen ƙafafu sun yi lako-lako, Baba ya ce in zo in ɗaure su. Na yi wanka, na sa rigata ta Juma'a kamar ba aiki zan yi ba. Ina durƙushe ina buga ƙusa, wata ɗaliba ta dube ni ta dubi Baba, ta ce, "Baba, wannan kamar ku ɗaya. Wane ne?"

Na tsayar da guduma.

Baba ya ci gaba da goge tebur. Ya ce, "Kafinta ne." Sannan ya kira sunanta, har da ja masa wutsiya yadda ake yi wa 'yar lele, ya ce ta ɗaure gashinta kada wuta ta kama.

Na gama kujerun duka. Har yau ana zama a kan wasu, an gaya mini.

Autarmu ce ta taɓa tsaya masa a kan maganar. Ita ta yi sa'a, a wannan tsangayar ta yi karatu, a hannun Baba ta karɓi turminta, dab da zai yi ritaya. Ranar da aka rantsar da su bayan sun gama karatu muka je dukkanmu. Baba ya sha babbar riga, yana ta kai da kawo, yana kiran wannan yana kiran wancan, iyayen yara suna gaishe shi kamar shi ne shugaban wurin. Da aka zo ɗaukar hoto ina gefe ina riƙe da kular abinci. Auta ta ce, "Baba, kira Yaya ya shigo mana."

Baba ya yafito ni da hannu. "Kai, zo."

Ta ce, "Baba, yana da suna fa."

Inna ta ja mayafi.

"Yau ka kira sunan mutum ya fi ɗari," in ji Auta. "Har mai hoton nan ka tambayi sunansa. Ɗaya ne zai gagare ka?"

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ce, "An koya miki haɗa magani, ba a koya miki kunya ba. Wannan ba laifin makaranta ba ne, laifina ne." Ya juya ya fita daga hoton. Hoton yana nan a ɗakin Inna: Auta da hularta, Inna, ƙannena, ni da kula a hannu, da gurbin mutum ɗaya.

Sun daɗe ba sa doguwar magana. Ni na je na yi wa Auta faɗa, na ce ba a yi wa babba haka a gaban jama'a, ta je ta ba shi haƙuri. Ta je. Abin da na faɗa mata gaskiya ne. Amma a wajen hoton nan, lokacin da Baba ya buɗe baki, na ɗauka ita za ta ci, kuma na so ta ci.

Na shiga ajin manya ne da furfura a gemuna. A wata firamare a Dogarawa ake yi bayan la'asar, malamarmu wata Bahaushiya Kirista ce mai haƙuri da mu kamar uwa. Abin da ta fara koya mana shi ne kowa ya rubuta sunansa. Na daɗe a kai, domin hannun da ya saba da zarto ba ya son alƙalami. Ranar da ya zauna mini, na samu guntun katako mai santsi, na rubuta da fensirin aiki, na hau mota zuwa Samaru. Dabara na ƙulla. Na ce mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta jikin kwalba da ƙarfi, in ya ga rubutu bakinsa zai riga shi.

Na same shi a zaure yana jan carbi. Na miƙa masa.

"Baba, duba mini ko na rubuta daidai."

Ya sa tabarau. Ya kai katakon wajen haske. Ina kallon leɓɓansa.

Ya ce, "Daidai ne."

"Me na rubuta?"

"Abin da ka rubuta."

"Karanta mini dai in ji, ko akwai harafin da ya faɗi."

Ya dube ni ta saman tabarau, gefen bakinsa yana rawa kamar zai yi dariya. Ya ce, "Tsohon kare ba a kama shi da ƙashin roba. Layinka ya miƙe. Ka ci gaba da zuwa." Ya miƙo mini katakona.

Ko a asibitin Shika, da ciwo ya ci ƙarfinsa, ni na kwana da shi, ni na ɗaga shi na kwantar. Wata nas ta zo tana tambaya, "Baba, wa ke jinyarka? Ya sunansa?" Numfashinsa da ƙyar yake fita. Ya ɗaga yatsa ya nuna ni. Ya ce, "Ga shi nan. Yana da baki." Ba a jima ba wata yarinya mai farar riga ta kawo magani daga ɗakin magunguna, ashe ɗalibarsa ce ta can baya. Ya buɗe ido ya kira sunanta tsaf.

Wannan ne sunan ƙarshe da na ji ya kira.

Saboda haka a wajen makoki na zama kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Duk wanda na ga ya manyanta cikin baƙin, sai in raka shi mota in tambaye shi a hankali, "Ranka ya daɗe, ya taɓa yi muku maganar babban ɗansa?" Wani ya ce, "Ƙwarai, yana cewa akwai kafinta a gidansa." Wata ta ce, "Ai Auta muka sani." In ce, "Bai taɓa faɗin sunansa ba?" Sai su yi tunani, su ce, "Kai, ban tuna ba. Allah dai ya ba ku haƙuri." Su shiga mota.

Bayan an yi sadakar bakwai, an naɗe yawancin tabarmi, sai ga wani baƙo da yamma shi kaɗai. Dattijo ne Bayarabe, Musulmi, farfesa a wata jami'a a kudu. Tun da ya gama karatu a Samaru bai sake zama a Arewa ba, amma Hausarsa tana nan, irin ta Sabon Gari, wadda takan ce wa namiji "ke" in ta yi sauri. Ya yi addu'a, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba." Bai ce Babanmu ba. Nan da nan na ji ya kwanta mini a rai, har na sa aka kawo masa fura.

Na yi masa tambayar da nake yi wa kowa. Sai ya yi wata irin dariya marar daɗi.

"Malam, ni za ka tambaya maganar suna? Ai ka zo wurin da ba shi."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ajiye ludayi. "Ajinmu kaf, Baba yana kiran kowa. Akwai wani yaro Ibo, sunansa kamar jirgin ƙasa, tarago bayan tarago, Baba yana jan shi har ƙarshe. Nawa kuwa sunan Musulunci ne, kowane gida a Zariya akwai mai shi. Ranar farko na faɗa masa a bakin ƙofa, ya dube ni, ya miƙo mini turmi, bai maimaita ba. Daga ranar har na gama, 'Kai, wannan.' 'Kai, wannan, rufe famfo.' Abokaina suka mayar da shi sunana. Har gobe in mun haɗu a taro, manyan mutane da jikoki, sai ka ji an ɗaga murya, 'Farfesa Kai-Wannan!'"

Na gyara zama. Ya ci gaba.

"Ban tambaye shi ba? Na tambaya. Na ce, Baba, me na yi maka? Ya ce, 'Sunanka ya fi ƙarfin bakina.' Na ce wannan baƙar magana ce. Abin da ya ƙara rikita ni, mutumin da ba ya son kiran sunana, shi ne ya ba ni kekensa. A Sabon Gari nake zaune wajen gwaggona, kullum ina makara. Wata rana ya turo keken ya ce, 'Kai, wannan, hau. In ka gama karatu ka dawo da shi.' Shi ya koma tafiya a ƙasa. To ka gaya mini, ƙi ne ko so? Na kusa ritaya ban warware wannan ba. Na zo ne in yi masa addu'a, amma ba zan ɓoye maka ba, da ciwon na zo."

Na san keken. Baƙi ne, mai kariyar sarƙa. A shekarun nan ne nake koyon kafinta a Sabon Gari, ina fita Samaru da sassafe, in na rasa mota in taka. Na taɓa roƙon Inna ta roƙar mini shi. Aka ce keken ya tafi aro. Ashe ni da keken hanya ɗaya muke bi, yana tahowa ina tafiya. Wataƙila ma mun sha yin kiciɓis, ya buga mini ƙararrawa na kauce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya sunan naka?"

Ya faɗa.

Sunana ne. Amsar da nake nema ta zo, ba ta hanyar da na so ba. Baba bai taɓa faɗa ba. Ba a gida ba, ba a tsangaya ba, ba a bayan idona ba. Ko a jikin ɗan wani ya gan shi, sai ya kauce masa. Kullum da safe yana shiga ɗakin nan cike da 'ya'yan mutane, ashe ina tsaye a tsakiyarsu ban sani ba.

Na so in ji daɗi, kuma na ji. Amma kishi bai sake ni ba, sai ma ya canza wuri. Sunayen duka nasu ne, na haƙura. Shirun nan kaɗai ne nawa a duniya, shi ma ga wani ya zo daga kudu yana cewa an ɗiba masa, har da keke a kai. Na ce a raina ba zan gaya masa ba. Ya sha furarsa ya tafi da ciwonsa, ni ma da nawa na girma.

Sai ya ce yana so ya gaida Inna.

Auta ta yi masa iso. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina tsaye a bayansa. Inna tana zaune a kan darduma cikin takaba. Suka gaisa, ta ce, "Ɗan nan, an zo da yawa, kaina ya cika. Wa za a ce ya zo?"

Ya faɗi sunansa.

Inna ta gyara mayafinta, ta kawar da fuska wajen bango. Can ta ce, "To. Sannu da hanya, kai wannan."

Farfesa ya juyo ya dube ni, bakinsa a buɗe. "Ita ma?"

Auta ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa, ban san dariya take ko kuka ba. Ta dube ni. Inna ba za ta faɗa ba. Auta ta bar mini. Ba sauran wanda zai faɗa sai ni.

Na ce, "Sunana ne, ranka ya daɗe. Ni ne ɗan fari. A nan ba a kiran sunan ɗan fari."

Sai da na sake yi masa bayani a hankali kafin ya gane. Ya zauna daɓas a ƙasa da manyan kayansa, ya cire hula, ya rufe fuska da ita. Da ya samu magana ya ce, "Ke nan ɗa ya ɗauke ni. Babban ɗa."

Na ce, "Ban ce ba. Kunyata ce ta fantsamo maka."

"To keken fa?"

"Keken ma nawa ne. Hanya ya ɓata."

Ya fashe da dariya hawaye na zuba, ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira ni da sunana. Na amsa. Ya ce in kira shi. Na kira shi, ya amsa da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Ya sake kira, na sake amsawa. Inna ta ce daga ciki, fuskarta har yanzu a bango, "Ku koma zaure da wannan surutun."

Tsofaffin ɗalibai sun buga ɗan littafi da Turanci da hoton Baba a bango, sun kawo mana. Auta ta ce sun yabe shi sosai. Ban kai ga Turanci ba tukuna, shi ya sa na zauna na rubuta nawa da harshen da yake ce mini "kai" da shi. Malamarmu ta duba mini, ta ce ban sa sunan kowa ba, ko nawa. Na ce a gida na koya.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah ya sa ya amsa nasa cikin masu farin ciki.

Ga abin da aka rasa. Inna ta rasa miji. Mu bakwai mun rasa uba. Masallacin layinmu ya rasa mai buɗe tagoginsa kafin azahar. Tsangaya ta rasa mutum na ƙarshe da ya san ta tun ba ta da ƙofar kanta. Ni kuma, mutum biyu ne a duniya da sunana ya fi ƙarfin bakinsu. Saura ɗaya.